Tayar tsere a mota atomatik: ita ce ke cin giya?

Mai Lexus: Assalamu alaikum jama'a. Ku raba mana gardama ni da Oga. Wani mai kawo kayan Beljiyam ya nuna mini tayoyi biyu na tsere, irin masu faɗin nan da ake ɗaurawa a baya a tseren miƙe na Amurka. Robarsu laushi, zane ɗan kaɗan. Ina so in sa su a IS 250 ɗina, atomatik ce, jan baya. Jiya na je gareji, Oga ya ce ko kyauta aka ba ni kada in karɓa, wai tayar tsere ta mai manuwal ce, in aka sa wa atomatik giya za ta tafi. Ni dai ban gamsu ba.

Oga mai gareji: Wa alaikumus salam. Abin da na faɗa maka a gareji shi zan maimaita a gaban mutane. In ka taka totur taya ta murza ta yi hayaƙi, ƙarfin inji ya sami hanyar fita ke nan. In kuwa tayar ta kama kwalta ta ƙi murzawa, ina ƙarfin zai je? Kan shaf zai koma, kan difiransha, kan giya. A manuwal kuloci ke shan wahalar, a canza faranti a wuce wurin. A atomatik giyabos za a sauke gaba ɗaya. Bara wani yaro ya kawo mini tasa daga Gwallameji bayan wasan mota na biki, na zaro man giya baƙi wuluk, yana ƙauri kamar tuwon da ya kama. Kuɗin gyaran sai da mahaifinsa ya sa hannu.

Injiniya: Oga, da girmamawa, maganarka ta farko haka take, amma hukuncin da ka yanke a kanta ya karkace. A inda ake wannan tsere da gaske, atomatik ce ta fi yawa. Akwai giya mai hawa biyu kacal ta General Motors, Powerglide, tun 1950 take, har yau masu tseren miƙe na neman ta. Kamfanin Dodge ya fito da Challenger Demon, samfurin 2018, daga masana'anta da tayar tsere ta Nitto a ƙafarta, kuma ba a yi ta da manuwal ba ko guda ɗaya, atomatik ce mai hawa 8. Ta cinye mita 402 cikin daƙiƙa 9.65. Da tayar tsere maƙiyiyar atomatik ce, ba za su haɗa su gida ɗaya ba.

Dalili yana cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giya a atomatik a madadin kuloci. Tsakanin inji da giya a atomatik mai ne ke ɗaukar ƙarfi, ba faranti biyu ne ke haɗuwa gwaf ɗaya ba. Shi ya sa tashin atomatik ya fi taushi ga shaf a kan mai manuwal da ya cika totur ya saki kuloci lokaci guda. Kuma tayar tseren iri biyu ce. Akwai mai zare, gefenta laushi, tana tattarewa in mota ta zabura, tana shanye bugun. Ita masu manuwal suka fi so. Akwai mai waya, radiyal, gefenta da tauri, ba ta son a fisge ta, in ta fara murzawa da wuya ta sake kamawa. Ita ce ta fi jituwa da atomatik.

Oga mai gareji: To yaron Gwallameji fa? Aljani ne ya ƙona masa mai?

Injiniya: Zafi ne, Oga. Na tabbata birki ya danne da hagu, ya taka totur da dama, ya yi ta yi. A wannan hali kwanbata dafa mai take yi, ko wace irin taya ce a ƙasa. Ka tambaye shi, da wace taya ya yi wasan?

Oga mai gareji: Tayarsa ta kullum ce. Wannan na yarda. Amma ka amsa mini wannan: waccan Dodge ɗin, shaf ɗinta irin na motar Mai Lexus ne? An ƙera ta ne don wannan aiki. Tasa kuwa ta yi shekaru a ƙasar wani kafin ta tsallako ruwa, ba wanda ya san sau nawa aka canza mata man giya. Kai kana maganar sabuwar mota, ni ina maganar wadda nake kwanciya a ƙarƙashinta.

Injiniya: Nan kam ban ja da kai ba.

Mai faci: Ku gafarce ni manya, ni ba na sauke giya, amma taya a hannuna take kwana. Ƙanena, iska nawa za ka sa mata? Tayarka ta yanzu 32 zuwa 35 nake buga maka. Waccan, in ana so ta kama, ƙasa da 20 ake barin ta. Ka ɗauki taya mai wannan iska ka hau titin Jos da ita a watan Afrilu, kwalta kamar tanda, ga rami. Kafin Nabordo ta ɗauki zafi, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim. In kuma ka cika ta kamar sauran tayoyi, to me ka saya? Laushin robar nan ma, kwaltarmu mai tsakuwa cinye shi za ta yi kamar an goga sabulu a dutse.

Sannan ka duba mini: mai waya ce ko mai zare? In mai zare ce, ga radiyal a gabanka, bayan motar zai riƙa lilo in ka ɗauki gudu. Ba a haɗa su.

Mai Lexus: Mai waya ce, na ga harafin R a cikin lambar. Ni fa ba kullum zan hau da su ba. Ranar Lahadi da yamma kawai, in hanya ta yi sauƙi.

Injiniya: Ƙanena, bari in faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. IS 250 ƙarfin doki 204 gare ta. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau ta yau da kullum, da ƙyar take murza ƙafa in ka tashi a miƙe. Tayar tsere magani ce ga motar da ƙarfinta ya fi ƙarfin tayarta. Taka ba ta da wannan ciwon. In tayar ta fi taka tsayi ma, tashin motar raguwa zai yi, mitar gudu ta riƙa nuna maka ƙasa da abin da kake yi. Ga shi kuma can filin tsere ne na musamman: ana share shi, a fesa masa wani ruwa mai danƙo, a murza taya ta yi zafi kafin a tashi. Robar sai da zafi take kamawa. A nan ƙurar hunturu ce shimfiɗe a kan titi.

Baba direba: Tun ɗazu nake karantawa, kowa na ta giya, giya. Giya ana sayen wata. Ɗana, zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, hanyar ruwa ce. Shekara talatin da wani abu na yi ina ɗaukar fasinja tsakanin Bauchi da Gombe. A watan Agusta hadari kan taso maka bayan Alkaleri, kafin ka ce kwabo ruwa ya kwanta a kan kwalta. Taya mai cikakken zane ma sai ka sassauta. Wadda aka yi da zane biyu ko uku hawa kan ruwan take yi, ta rabu da ƙasa, kuma a baya ka ɗaura ta. In baya ya kufce, sitiyari ba ya jin magana. Na taɓa tsayawa na taimaka aka ciro mutane daga motar da ta yi haka, suɗaɗɗiyar taya ce a bayanta. Har yau in na bi ta wurin sai na tuna.

Wace hanya ce kuma ke yin sauƙi ranar Lahadi? Masu Keke Napep suna nan, 'yan acaɓa suna nan, yara na tsallakawa, a wajen gari ga shanu. Su Amurkawan da kake kallo, ƙungiyarsu ta tseren miƙe, NHRA, ai don a kwashe samari daga kan titi a kai su fili aka kafa ta.

Injiniya: Gaskiya ne Baba, a 1951, Wally Parks ne ya kafa ta. Kuma ko a filin, bayan rasuwar direban tsere Scott Kalitta a hatsarin tsere a 2008 sai da suka rage wa manyan motocin tazara daga mita 402 zuwa 305, don su sami wurin tsayawa.

Mai Lexus: Baba na ji, kuma ba zan yi musu da kai ba. Amma Oga, ka yarda dai maganar cewa ba a sa wa atomatik ba daidai ba ce?

Oga mai gareji: Na yarda ana sa wa atomatik ɗin da aka gina don haka, mai ƙarin abin sanyaya man giya da shaf mai ƙwari. Taka ban yarda ba, kuma ba a garejina za a ɗaura ta ba.

Mai faci: Kafin ka ba mutumin nan ko sisi, duba gefen tayar. Bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 'Yan Road Safety shekara huɗu suke ba taya, kuma roba mai laushi in ta daɗe a ajiye bushewa take yi, ta yi tauri.

Mai Lexus: Ya turo mini hoto yanzu. 2317 aka rubuta.

Mai faci: Mako na 23, shekarar 2017. Danna ta da farce in ka je, ka gaya mini ko ta lotsa.

Oga mai gareji: Ka bar masa kayansa. Asabar da safe ka kawo motar in duba man giyar nan, tun da ka saye ta ban ga launinsa ba.