Outlook yana rufe kansa, kuma an ce sai na sayi antibairos

Ɗan Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta a cikinmu. Ina amfani da Outlook a kan Windows 11 wajen karɓar saƙonnin abokan ciniki, kuma bai taɓa ba ni matsala ba sai bayan da wani mai gyara ya saka mini antibairos na wani kamfani. Yanzu da zarar na buɗe saƙon da aka haɗo da takarda, sai allon ya yi fari na ɗan lokaci, sannan manhajar ta rufe kanta ba tare da wani bayani ba. Mai gyaran ya ce bairos ne ya shiga, kuma sai na biya kuɗin cikakken antibairos ɗin kafin abin ya daidaita. Yaya zan gano ainihin matsalar? Kuma shin dole ne mutum ya sayi antibairos na daban a wannan zamanin?

Malamin Kwamfuta:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya ko sisi tukuna, domin alamun da ka bayyana sun fi kama da rikici tsakanin manhajoji biyu. Antibairos da dama suna dasa wani ƙaramin ƙari a cikin Outlook don ya riƙa duba saƙonni, kuma idan ƙarin bai dace da sigar Outlook ɗin ba, shi yake kayar da manhajar.

Ka danne maɓallin Ctrl yayin da kake buɗe Outlook, zai tambaye ka ko ya tashi a Safe Mode, wato ba tare da ƙare-ƙaren ba. Idan ka buɗe saƙon nan bai rufe ba, to an kama mai laifi. Sai ka shiga File, ka zaɓi Options, sannan Add-ins, ka danna Go, ka cire alamar da ke gaban kowane ƙari, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka ga wanda ke jawo faɗuwar. Idan kuma ya rufe a Safe Mode ɗin ma, ka buɗe Event Viewer, wato wurin da Windows ke ajiye bayanan kurakurai, ka nemi kuskure mai lamba 1000 a daidai lokacin da abin ya faru, domin a nan ake rubuta sunan fayil ɗin da ya fara tuntuɓe. Daga nan ne za a san ko gyaran Office ake buƙata, ko sabon furofayil, wato sake saita asusunka a Outlook, ko kuma a duba ma'ajiyar saƙonnin da ScanPST, wanda yake zuwa tare da Office.

Game da sayen antibairos, ra'ayina shi ne ba ka buƙata. Tun Windows 8, wanda ya fito a 2012, akwai cikakken antibairos a cikin tsarin kansa, wanda yanzu ake kira Microsoft Defender, kuma cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana gwada shi tare da na kuɗi, yana kuma samun maki mai kyau. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Defender yana ja da baya da zarar an saka wani antibairos, saboda haka wanda aka saka wa na sata da ba ya sabunta kansa ya sallami mai gadi na gaskiya ya ɗauki mai barci.

Hajiya Mai Shagon Buga Takardu:

Malam, na yarda da kai kan Outlook, amma ina da gyara kan maganar antibairos. A shagona ɗalibai ne ke zuwa da falash daga safe zuwa dare, kuma na sha ganin falash ɗin da duk takardun cikinsa suka koma gajerun hanyoyi, wato shortcuts, ainihin fayilolin kuma aka ɓoye su. Defender yana kama irin wannan idan yana samun sabuntawa, amma kwamfutoci da yawa a wajenmu suna yin watanni ba su ga intanet ba saboda tsadar data, kuma a wannan halin babu antibairos ɗin da zai yi aikinsa, na kyauta ko na kuɗi. Ofis mai kwamfutoci da yawa kuma yana iya buƙatar na kuɗi don a riƙa lura da su daga wuri guda. Wanda yake kan Windows 10 ya tuna cewa tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Alhaji, kafin ka taɓa komai, ka duba irin asusunka na imel, ko POP ne, ko IMAP, ko Exchange. Idan POP ne, mai yiwuwa fayil ɗin PST, wato ma'ajiyar saƙonnin Outlook da ke kwamfutarka, shi ne kaɗai kwafin tsofaffin saƙonninka, don haka ka adana shi a wani wuri tukuna. Idan IMAP ne ko Exchange, saƙonnin suna can a sabar, wato kwamfutar masu ba ka imel ɗin, za su sake saukowa.

Ɗan Sabon Gari:

Allah ya saka muku da alheri. Na kwafe fayil ɗin PST kamar yadda Hajiya ta ce, na tashi Outlook a Safe Mode, kuma saƙon ya buɗe lafiya. Ƙarin antibairos ɗin ne, domin ina cire alamarsa komai ya daidaita. Malam, idan na cire antibairos ɗin gaba ɗaya, Defender zai dawo da kansa ne?

Malamin Kwamfuta:

Zai dawo, Alhaji, amma ka sake kunna kwamfutar bayan cirewar, ka buɗe Windows Security ka tabbatar kariyar tana kunne, sannan ka haɗa da intanet ya sabunta kansa kafin ka sa shi ya bincike kwamfutar gaba ɗaya.