Wai me za mu kira su cat, hat, bat da Hausa?

Malamar aji biyu: Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana Hausa a taimaka min. Kalmomin turancin nan gajeru da ƙarshensu yake iri ɗaya, irin su cat kyanwa, hat hula, bat jemage, mat tabarma, rat ɓera, fat kitse, ko kuma su man, can, pan, fan, van, turawa na ce musu word family, to ni ina so in yi wa yara bayani da Hausa kafin mu shiga turancin amma kullum sai dai in ce "waɗannan ɗin nan masu kama da juna", ba suna. Suna nake nema gajere wanda yaro ɗan shekara 7 zai riƙe.

Tsohon hedimasta: Wa alaikumus salam 'yata. Ai wannan ba sai an nema ba, amsa-amo ke nan, ko ki ce ƙafiya yadda malaman waƙa ke cewa. Tun muna makaranta haka aka koya mana.

Ɗalibin Hausa a jami'a: Baba Allah ya ƙara girma, amma da ɗan gyara a ganina. Amsa-amo aikin kunne ne, abin da Malama ke nema kuma da ido a ciki. Duba blue, shoe, two, a kunne duk sun amsa wa juna amma haruffan ƙarshen ba ruwan wani da wani, in ta jera su a allo yaro ba abin da zai gani. Sannan amsa-amon rubutacciyar waƙarmu yawanci gaɓar ƙarshe ce gaba ɗayanta, baƙi da wasali, a ce baitoci duk sun ƙare da na ko da ba. Su kuwa turawa daga kan wasali suke yankawa, baƙin farko ne ke canzawa, c-at, h-at, b-at. Shi ya sa ma yaranmu ke rikicewa, mu mun taso da ba be bi bo bu, baƙi na zaune wasali na sauyawa, nan kuma an juya abin, baya na zaune gaba na sauyawa.

Tsohon hedimasta: To na ji. A fassara shi kai tsaye mana, dangin kalmomi.

Ɗalibin Hausa a jami'a: Nan ma akwai rigima Baba. In ka ce dangi, Bahaushe zai kawo karatu, karanta, makaranta, makaranci, waɗanda tushensu ɗaya ma'anarsu na tafiya tare. Kyanwa da tabarma kuwa wace zumunta ce tsakaninsu? Ko a turancin ma sunan nan abu biyu yake ɗauka, su help, helper, helpful su ma word family ake ce musu, wato matsalar tasu za mu jawo wa kanmu kawai.

Malamar aji biyu: Wallahi wannan shi ne abin da ke damuna, akwai yaran da ke zaton tunda light haske ne night kuma dare, to dole fight da tight su ma wani abu ne na dare ko fitila, sai na yi ta nanata musu fight faɗa ne, tight matsattse, right dama ko daidai, rubutun ne kawai ya haɗa su. In na ce musu dangi ne ai na ƙara ɓata lamarin.

Mai shagon kwamfuta: Ni dai ba malami ba ne amma ku ce masu wutsiya ɗaya, shi ke nan an wuce wurin 😂

Malamar aji biyu: Kai ƙanena rufa min asiri, ka taɓa tsayawa gaban yara sittin ka ce wutsiya? Ranar ba sauran karatu, 'yan bayan aji dariya za su yi ta yi har a tashi. Bindi ma haka.

Mai shagon kwamfuta: To 'yan anko, zani iri ɗaya fuska daban daban.

Malamar aji biyu: Wannan ya ba ni dariya kuma 'yan mata za su gane nan take, sai dai ba zan iya rubuta shi a littafin shirin darasi ba, sufeto ya zo ya ga anko ya ce wasa nake.

Ɗalibin Hausa a jami'a: Bari in kawo wata shawara. A nahawun Hausa an riga an ba kalma goshi da ƙeya, muna da ɗafa-goshi kamar ma a manomi, muna da ɗafa-ƙeya kamar una a riguna. To me zai hana mu ari jikin kawai? c ɗin cat goshi, at ɗin ƙeya. Cat, hat, bat sai su zama kalmomi masu ƙeya ɗaya, a taƙaice 'yan ƙeya ɗaya. Kuma abin ba ƙarami ba ne, wasu masu bincike biyu a Amurka, Wylie da Durrell, sun nuna a 1970 cewa ƙeyoyi 37 kacal, irin su at, an, ill, ake, ight, suna ba da kalmomi wajen 500 na matakin firamare. Yaron da ya riƙe ake ya samu cake, make, take, lake, bake a kyauta.

Tsohon hedimasta: Ɗana za ka haɗa yara faɗa da malamin Hausa. Gobe su shiga sakandare a ce musu ɗafa-ƙeya su ce at.

Ɗalibin Hausa a jami'a: A'a Baba, sunan da kansa ya raba gardama. Ɗafa-ƙeya abin da aka kawo aka ɗafa wa ƙeyar ne, in an cire shi tushen kalma na nan da ransa. Ƙeya kuwa jikin kalmar ce, cire at daga cat ka ga me ya rage, c tsirara. A cats za ka ga duka biyun, at ƙeya, s ɗafa-ƙeya. Kuma muna da su a Hausa in Malama na son ta fara daga gida: kai, rai, mai, sai, wai, dai, ko ci, ji, bi, ƙi, fi, yi. Ta fara da waɗannan, yara su ga goshi na canzawa da harshensu, sannan ta tsallaka turanci.

Malamar aji biyu: Kai Malam Allah ya saka da alheri, wannan ya zauna min. Har na hango yadda zan yi, su dafa goshinsu su ce k, su kai hannu ƙeya su ce at, su tafa su ce cat. Na ɗauka. Amma saura ɗaya, ya zan yi da waɗanda ƙeyarsu ɗaya a rubuce amma a baki kowa da inda ya nufa? cow da low, hear da bear, uwa uba su rough, cough, dough, through, ough ɗaya furuci huɗu.

Ɗalibin Hausa a jami'a: Waɗannan tarihi ne ya bar su haka. Da can gh ɗin nan ana furta shi daga maƙogwaro, sai furuci ya yi ta sauyawa, a wasu kalmomi ya koma f a wasu ya ɓace, rubutu kuwa ya daskare bayan zuwan injin buga littattafai da Caxton ya kafa a Ingila a 1476. A aji biyu kada ma ki taɓo su Malama, ki tsaya kan at, an, in, op, ug tukuna. In sun girma sai a raba musu, ƙeyar ido da ƙeyar kunne, su cat da hat sun haɗa duka biyun, cow da low ta ido kawai.

Tsohon hedimasta: Na sallama kan ƙeya, amma ƙeyar ido ban yarda ba, ido a ƙeya sai dodo. Ku ce ƙeyar rubutu da ƙeyar furuci. Kuma 'yata in za ki rubuta a allo ki sa wa ƙ ɗin lanƙwasarta, kar in ga keya.

Malamar aji biyu: An gama Baba, da lanƙwasa.