Sun kama ƙanina a madadin yayanmu, wai sai ya fito sannan za su sake shi

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin doka a cikinku ku taimaka min. Yayanmu ne ya karɓi kayan atamfa bashi a hannun wani ɗan kasuwa, kasuwa ta juya masa baya ya kasa biya, yanzu ma ba ya garin kuma wayarsa a kashe. Shi ne mutumin ya zo da 'yan sanda gida suka tafi da ƙaninmu wanda ko shagon bai taɓa zama ba, ɗalibi ne. Yau kwanansa uku a caji ofis, sun ce ba za su sake shi ba sai yayan ya kawo kansa ko kuma mahaifinmu ya sa hannu a takarda cewa shi zai biya. Kuma wani ɗan sanda a kantar caji ofis ɗin ya ce mu tanadi kuɗin beli. Wai haka doka ta ce?

Barista_Arewa:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. A'a, doka ba ta ce haka ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 7, ta hana a kama mutum a madadin wanda ake zargi, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake maimaita wannan, ita kuwa ta shafi kowane ɗan sanda a Najeriya ko a wace jiha yake. Bashi ma shi kansa ba laifi ba ne da ake kulle mutum a kai, maganar kotun ƙararrakin jama'a ce. Abin da masu ƙorafi suke yi shi ne su rubuta cewa cin amana ne ko zamba don maganar ta shiga hurumin 'yan sanda, to ko da hakan ne, yayan ake zargi ba ƙanin ba.

Kwana ukun nan ma sun wuce ƙa'ida. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in kuwa babu, cikin kwana biyu. Amma abin da na fi so ki riƙe shi ne kada Baba ya sa hannu a wannan takarda ko da wasa, domin ran da ya sa hannu ya ɗora wa kansa bashin da bai ci ba, kuma da ita za a riƙa yi masa barazana gobe. Shi ma yaron ku gaya masa yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya, kar ya sa hannu ko ya dangwala a sitatimen da bai karanta ba, in da Turanci aka rubuta ya ce a fassara masa.

DanKurmi:
Barista duk abin da ka faɗa gaskiya ne a takarda amma wlh in ka je kanta kana karanto musu sashe kaza sashe kaza kai kaɗai sai su ƙara fusata su ce kai ma ka shiga ciki. Ga rubutu nan ɓaro-ɓaro a bango cewa beli kyauta ne amma mu da muka taɓa karɓo maƙwabcinmu mun san abin da muka ajiye kafin a buɗe sel. Ni dai shawarata ku sasanta da mai kayan kawai.

Barista_Arewa:
Malam ai ban ce ta je ta yi musu lacca ba. Sulhu da mai kaya abu ne mai kyau, amma a yi shi yaron yana gida. Ku tafi da lauya ku nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, kai tsaye, ba mai binciken kes ɗin ba. In ba ku da kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, tun 1976 take, tana da ofis a manyan biranen jihohi kuma kyauta take yi wa marasa hali. In an ƙi, lauya zai rubuta koke ga Kwamishinan 'yan sanda ko ya shigar da ƙarar take haƙƙi a Babbar Kotu, sashe na 35 ɗin nan ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Yawanci ganin takardar lauya kaɗai kan sa su sake shi.

Hajiya_Larai:
Ƙanwata in an zo wajen tsayawa beli kar su ce miki mace ba ta tsayawa, an daina wannan, dokar 2015 ɗin ta ce ba a hana mutum don kawai mace ce. Ki tafi da katin shaidarki da hoton fasfo. Kuma ku kai masa abinci da kanku ku duba jikinsa da kyau, in akwai alamar duka ku nuna wa lauyan tun a wurin.

Maman_Ilham:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Na hana Baba zuwa, da ma ya ɗauki biro zai tafi da la'asar. Gobe da safe ni da kawunmu za mu je ofishin agajin shari'ar. Barista in sun tambaye mu lambar yayan fa, mu ba su?

Barista_Arewa:
Ku ba su, kada ku ɓoye shi kuma kada ku yi ƙarya a kan inda yake. In kun same shi ku ce ya dawo ya je tare da lauya.