Neman Sunan Hausa Ga Na'urar Da Ke Lura Da Iskar Taya

Assalamu alaikum malamai, direbobi da masu faci na Katsina da Daura. Ina neman mu tsayar da sunan Hausa ga na'urar da Turawa ke taƙaita sunanta da TPMS, wato mai lura da iskar taya, da kuma sassan bawul ɗin taya, domin mai fassara littafin mota ko mai yi wa direbobi bayani a rediyo yana buƙatar kalmomin da za a ji a gane nan take.

Na'urar ta yaɗu ne daga Amurka, inda aka kafa dokar TREAD a shekarar 2000 bayan haɗurran motocin Ford Explorer masu tayoyin Firestone. Daga Satumban 2007 ya zama dole kowace sabuwar ƙaramar mota ta fito da ita, ta kunna fitila idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a Nuwamban 2014. Sai dai dokar Amurka ta tsaya ne a kan motocin da nauyinsu da kaya bai wuce kilo 4,536 ba, saboda haka manyan motocin nan masu ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda sunan "motar tafi-da-gidanka" ya dace da su ba gardama, sau da yawa masu su ne ke sayen na'urar su ɗaura da kansu.

Irin wannan mota ba ta cika shigowa ƙasarmu ba, amma damuwarta ita ce damuwar tirela da tifa da motar Kanta masu bin hanyar Kano, Jibiya da Kongolam, wato taya biyu-biyu a baya. Ina ganin mu ce "tagwayen taya", da "ta ciki" da "ta waje". Idan ta ciki ta sace, mota ba ta karkacewa, domin ta waje ta ɗauke nauyin duka biyun, ta yi ta ɗaukar zafi har ta fashe ana tsakar gudu. Yaron mota da ke buga taya da ƙarfe yana iya jin wadda ta sace ƙwarai, amma kunne ba ya kama wadda ke yoyo a hankali, kuma a zafin Afrilu, da rana ke haura digiri 40, taya mai ƙarancin iska ba ta daɗewa a kan kwalta.

Wannan ne dalilin da ya sa ban yarda a kira na'urar "geji" ko "ma'aunin iska" ba. Geji sai mota ta tsaya, mutum ya sunkuya ya ɗora shi a bawul, ya karanta ya cire. Ita kuwa na'urar nan tana aiki ana cikin tafiya, tana aika adadin iska da zafin kowace taya zuwa allon da ke gaban direba, ta yi ƙara idan abu ya ɓaci. "Na'urar lura da matsin iskar taya" daidai ne a takarda, amma babu direban da zai faɗi wannan duka a tasha. Shawarata ita ce "mai gadin iska", domin gadi shi ne aikinta, ɗan abin da ake ɗaurawa a kowace taya kuma a bar shi da "sansa", yadda kanikawa suka riga suka saba.

Kalmar "bawul" ta zauna a Hausa, ba na neman a tayar da ita, sai dai ta haɗiye abubuwa da yawa. Bututun da ya ratso wili ya fito waje mu kira shi "wuyan bawul", ɗan tsinken ciki da ke tare iska "allurar bawul", murfin kuma "hula". Bambancin yana da amfani, domin wuyan roba na ƙananan motoci an yi shi ne don iskar da ba ta wuce psi 65 ba (psi shi ne awon matsin iska da geji ke nunawa), tayar babbar mota kuwa tana cin fiye da haka, kuma idan aka ɗaura sansa a bakinsa a madadin hula, nauyin yana lanƙwasa robar duk juyin da taya ta yi har ta tsage daga gindi. Mai faci da ya ce "sa wuyan ƙarfe" ya gama bayani. Bututun da ake haɗawa don hannu ya kai ga bawul ɗin ta ciki shi ne "ƙarin wuya", kuma dole a ɗaure shi da kyau kada ya riƙa gogar wili, domin kowace mahaɗa sabuwar kafar yoyo ce.

Akwai wani nau'i da ba shi da sansa a taya, wanda ke ƙirga saurin juyin kowane wili ta hanyar na'urar birkin ABS, mai hana taya kullewa idan an taka birki. Tagwayen taya kuwa a ɗaure suke, tare suke juyawa, don haka da wuya ya bambance wadda ta sace a cikinsu. Wannan nau'in ina ganin "mai ƙiyasin iska" ya ishe shi, amma ina son jin ra'ayin kanikawanmu kafin mu tsayar.