Hasumiyoyina shida duk sun taru a kan maƙiyi ɗaya

Mai Shago, Makka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗan haɗa wasan tsaron gari a Scratch, manhajar koyon haɗa wasanni, bayan isha'i in na rufe shago. Hasumiya ɗaya na zana, na yi mata kwafi shida. To duk shidan maƙiyi ɗaya suke juyowa su harba, har wadda ke can ƙuryar allo, sauran maƙiya kuwa na wucewa abinsu. Wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Malamar Lissafi, Madina: Wa alaikumus salam ƙanina. Tuna lokacin da ka ƙirƙiri ma'ajiyar (variable) da ke riƙe lambar maƙiyin. Scratch na tambaya: ta kowa ce, ko ta wannan ɗan wasan kaɗai, wato hasumiyar? In ka bar ta ta kowa, hasumiyoyin nan faranti ɗaya suke ci, kamar mandi a walima, kuma wadda ta sa hannu a ƙarshe ita ta zaɓa wa sauran. Goge ta ka sake ƙirƙira, ka zaɓi na biyun, kowane kwafi zai fito da tasa. Ni ran maƙiya na yi wa haka. Ɗana ya harbi guda, ashirin suka faɗi tare, yana ta murna wai ya ƙware.

Amma kada ka raba komai. Kwafi ba ya iya leƙa ma'ajiyar ɗan'uwansa kwafi, don haka wurin da kowane maƙiyi yake sai a jeri na kowa: shi ya rubuta a layinsa, hasumiya ta karanta kawai. Ka kula da harsasai ma, Scratch ba ya wuce kwafi 300.

Ɗan Jidda: Malama ta gama magana. A Unity, wata manhajar haɗa wasanni, kalmar static mai mayar da ma'ajiya ta kowa ce ta yi min irin wannan. Na manna ta ko'ina don tana da sauƙin kira. Har maki ta riƙe min bayan an sake buɗe matakin, wasa sabo, maki na jiya. Yanzu kuɗi da maki ne kawai na kowa, su ma nakan mayar da su sifili da hannuna.

Direba, Riyad: Tawa a manhajar Godot ce, kuma ta fi cin rai. Kowace hasumiya na da abin harinta, lafiya lau. Sai biyu suka zaɓi maƙiyi ɗaya, ta farko ta kashe shi, queue_free ta share shi, ta biyu ta je tambayar inda yake, wasa ya tsaya cak. Kwana uku ina zargin kwamfuta, har na kusa kai ta gyara. Maganin layi ɗaya ne: is_instance_valid, a duba ko maƙiyin yana nan kafin a taɓa shi.

Bayan nan sai rawar kai. Maƙiya biyu a tazara kusan ɗaya, hasumiya na waiwayen wannan tana waiwayen wancan, ba ta harbi kowa ba. Na sa in ta kama ɗaya ta riƙe shi har ya mutu ko ya fita da'irarta. Wajen gwada tazara kuma distance_squared_to, mai ba da tazara sau kanta, ta wadatar, tunda wanda ya fi kusa kawai ake nema.

Ɗan Jidda: Yaya Direba, a nan ban bi ka ba. Mafi kusa ba shi ne mafi haɗari ba. Ni wanda ya fi nisa a kan hanya nake sa a harba, shi ne dab da ƙofar gari.

Direba, Riyad: Gaskiyarka, in hanya ɗaya ce. Nawa ta ko'ina suke ɓullowa.

Mai Shago, Makka: Allah ya saka da alheri. Malama, na sake ma'ajiyar, kowace hasumiya ta kama gabanta. Sai dai yanzu in maƙiyi ya mutu na goge layinsa daga jerin, lambobin na bayansa suna zamewa, hasumiya ta koma harbin wani daban.

Malamar Lissafi, Madina: Kada ka goge layin. Rubuta masa "matacce" ka bar shi a wurinsa, ka share jerin gaba ɗaya in zagayen ya ƙare.