Me za mu kira "ethical shot" da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, yan uwa na Kumasi da Nima da ko ina, kalma muke nema. Maharban Amurka da Turai masu farautar barewar ƙasarsu suna da abin da suke cewa ethical shot, wato harbin da mutum ya tabbata zai kashe dabba nan take ba ya raunata ta ta gudu daji ta mutu a wahale ba. Yaran mu suna kallon bidiyon su a YouTube ana harbi daga mita 700 ko 800 suna ta tafi, gara mu ba abin suna da bakin mu.

Ga dalilin da nisa ya zama matsala. Gurin da ake nema, zuciya da huhu a bayan kafaɗa, faɗin shi bai wuce farantin tuwo ba. Harsashin bindigar farauta da ake kira .308, in an saita bindiga a mita 100, kafin ya kai mita 500 ya sauka ƙasa fiye da mita ɗaya, kuma yana cin sama da rabin daƙiƙa a hanya, to a wannan ɗan lokacin dabba ta taka taku ɗaya ko iska ta kaɗa shikenan harsashi ya faɗa tumbi ko cinya, ta shige kurmi tana jan ƙafa kwana da kwanaki, ƙarshe ta zama mushe ba kai ba nama.

Wani ɗan uwa ya kawo "harbin halal". Yaya ka yi haƙuri ban yarda ba, halal maganar cin naman ne, mu kuma halin maharbin muke magana. "Harbin kusa" ma bai yi ba, don akwai wanda a mita 50 hannun shi rawa yake, akwai gwanin da mita 300 ba komai bane gurin shi. "Harbin adalci" kuwa a ajiye shi wa fair chase, ƙa'idar da ƙungiyar Boone and Crockett ta Amurka, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, take wa'azi a kai, ita maganar ba dabba damar tsira ce.

Ni wanda ya kwanta min shine na wani malamin mu a Aboabo, yace a kira shi harbin ihsani. Hujjar shi hadisin da Muslim ya ruwaito, Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisa, in za ku yanka ku wasa wuƙa ku hutar da abin yankan. Malam Allah ya ƙara ilimi, wallahi wannan ya tattara komai, ba sai an yi ma tsoho ko yaro dogon bayani ba. Kishiyar shi kuma dama muna da ita, harbin ganganci.

Saura ɗaya, nisan da kowane maharbi ya san in ya wuce shi hannun shi ba tabbas. Ni nace iyakar hannu. Masu hulɗa da maharban da ke kawo mazo da gada kasuwar naman daji ta Atwemonom a Kumasi, don Allah ku tambaya mana dattawan su ko akwai sunan da suke kiran wannan tun da, in akwai nasu za mu ɗauka mu bar nawa.