Haɗa kwamfutar ɗaukar waƙa a gida: ina ya kamata kuɗin su tafi?

Mai_Kalangu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne a ƙungiyarmu a nan Tudun Wada: mawaƙi ɗaya, 'yar amshi, mai jita, mai fiyano, sai kalangu. Muna so mu haɗa kwamfutar tebur mu riƙa ɗaukar waƙoƙinmu a ɗaki, kuma mun fi son a ɗauke mu gaba ɗaya muna kiɗa tare, don da haka muka saba. Mai shago ya ce sai mun sayi katin girafiks (katin da ke sarrafa hoto) mai tsada. Gaskiya ne? Me za mu saya, me za mu bari?

Injiniyan_Kawo:
Wa'alaikumus salam. Katin girafiks na masu wasan gem ne da masu tace bidiyo, ɗaukar sauti ba ruwanta da shi. Ƙari ma yana jan wuta, fankokinsa kuma suna ƙara hayaniya a ɗakin da kuke neman shiru. Ku sayi firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai nuna hoto da kansa: Ryzen 5 5600G a kan madabod (babban allon da ake dasa sauran kayan a kai) B550, ko Core i5-12400 a kan B660. Kowannensu ƙwaya 6 ne, sun ishe ku har da rara. A kula da harafin ƙarshe: 12400F da Ryzen 5 5600 marar G ba sa fitar da hoto sai da kati. In B550 ɗin ya daɗe a shago, mai yiwuwa sai an sabunta BIOS, 'yar manhajar da ke cikin madabod, kafin ya gane 5600G, don haka a kunna a gabanka kafin ka biya.

Ram 16GB DDR4, amma sanda biyu masu 8GB, a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga firosesa. Ma'ajiyar fayil kuma SSD na NVMe mai 1TB. Lissafin wuri ba wuya: layi ɗaya, wato sautin makirufo guda, a 24-bit da 48kHz yana cin kusan 8.6MB a minti, layi 8 na awa guda kusan 4GB ke nan. Fawa-fak, mai raba wa kayan kwamfuta wuta, ya zama mai wat 450 zuwa 550, mai tambarin 80 Plus, sabo. Kada ka yarda da wanda ke zuwa kyauta cikin akwati mai arha, shi ne ke tafiya da madabod ranar da wuta ta yi tsalle.

Situdiyo_Barnawa:
Injiniya ya gama da kwamfuta, sai dai ni a ganina, malam, daga baya ka faro tambayar. Abin da zai yanke muku hukunci shi ne saun kad, wato akwatin da makirufo ke shiga kafin sauti ya isa kwamfuta. Ƙirga da ni: mawaƙi 1, amshi 1, jita 1, fiyano 2 in kuna son hagu da dama, kalangu 1 ko 2. Ƙofa 6 zuwa 7 ke nan a lokaci guda. Scarlett 2i2 da kowa ke saya ƙofa 2 gare shi, bai yi muku ba. Ku nemi mai ƙofa 8, Behringer UMC1820 in aljihu ya matse, ko Scarlett 18i20 in da hali. Kuɗin katin can nan za su zo.

Bayan an haɗa, a sauke direban ASIO na kamfanin saun kad ɗin kansa, wato 'yar manhajar da ke sada saun kad da kwamfuta ba tare da jinkiri mai yawa ba. In aka bar na Windows, mawaƙi zai ji muryarsa tana biyo shi a baya cikin abin kunne, nan da nan ya saki kari. Lokacin ɗauka a sa bafa (yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi) a 128, wanda jinkirinsa a 48kHz bai kai milisakan 3 ba a kowane ɓangare. Lokacin gyara da haɗa sauti a ɗaga shi zuwa 512 ko 1024 firosesa ya huta. In kuna jin ƙas-ƙas alhali aiki bai yi wa kwamfutar yawa ba, yawanci wani direba ne ke riƙe firosesa, sau da yawa na Wi-Fi. Manhajar LatencyMon kyauta ce, a bar ta tana aiki minti 10 za ta nuna mai laifi. A kashe Wi-Fi, a hana Windows kwantar da ƙofofin USB, a jona saun kad kai tsaye a bayan madabod.

Kalangu kuma da ƙarfin murya, zai kutsa makirufon mawaƙi ko ana so ko ba a so. A ba mawaƙi makirufo irin SM58 ya matso da shi bakinsa, a kai makaɗi ɗaya kusurwar, a tsayar da katifa tsakaninsu.

Mai_Kalangu:
Allah ya saka da alheri. To wuta fa? Rabin aikinmu a kan janareta ne. Kuma wace manhaja?

Injiniyan_Kawo:
Nan ne aikin yake. UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, dole ne, mai 1000VA ya isa kwamfuta da allo da saun kad, amma ya zama mai fitar da tsabtatacciyar wuta, wanda aka rubuta pure sine wave a jikinsa. Masu arha wutarsu a kakkarye take fitowa: tana sa zuuu a lasifika, wasu fawa-fak na zamani ma kashe kansu suke yi daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Inbata ma haka.

In ka ji gurnani mai kauri da ba ya yankewa, wutarmu ce mai 50Hz ta samu hanya. Duk kayan su sha daga soket ɗaya, a kira mai wayarin ya tabbatar wayar ƙasa tana aiki a ɗakin. Kada a cire ƙafa ta uku ta filogi don a kashe gurnanin, mai jita ne zai sha wutar a hannunsa. A yi amfani da wayoyin XLR, irin na makirufo masu ƙafa uku, fiyano kuma ya bi ta akwatin DI, mai maida sautinsa kan wayar XLR, in wayarsa doguwa ce. Janareta ya yi nisa da ɗakin, domin girgizarsa tana bin daɓe ta hau sandar makirufo.

Sai ƙurar hunturu. Akwati mai raga a gaba, manyan fankoki masu milimita 120 ko 140 da ke juyawa a hankali, a ɗora shi a kan benci. Daga Disamba zuwa Fabrairu a wanke ragar duk mako biyu. In ta toshe, zafin Maris da Afrilu na zuwa za ka ji fanka tana kuka a cikin waƙarku.

Situdiyo_Barnawa:
Don ɗaukar mutum biyar lokaci guda na fi son Reaper. Ba shi da nauyi, ana gwada shi kwana 60, lasisinsa na ƙananan masu aiki dala 60. FL Studio ya fi ƙarfi wajen haɗa kiɗa, kuma sai daga samfurinsa na Producer zuwa sama yake ɗaukar murya. Ku guji manhajar sata, ita ce ke rufe kanta ana tsakiyar ɗauka. In kun ga kwamfuta ta hannu za ku saya, firosesan Intel ɗin kada ya gaza zubi na 8, don Windows 11 ba ya tallafa wa na ƙasa da haka, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina kula da shi tun Oktoban 2025. Ku tanadi faifan waje guda, duk daren da aka tashi aiki a kwafe kafin kowa ya tafi gida.